Babi na Biyar: Saitin Maharbi a Hannun Mai Hoto

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Baturiya daga Haɗeja, cikin watan Janairu, sanyi na ratsa ƙashi. Wanda ya ɗauke ni a kwalekwale dattijo ne mai furfura, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana farauta a dazuzzukan ƙasar Kirikasamma kafin ya jingine bindiga ya koma su. Rana ta fara hudowa ja wur ta cikin hazo lokacin da muka zagayo wani dandazon kacala, sai ga garken kirinjijiya a kan ruwa, sun fi ƙarfin ƙirga, suna ta wannan fito nasu mai daɗi. Gabana ya faɗi don murna. Na miƙe tsaye cikin jirgin, na ɗaga kyamara, na dinga latsawa. Jirgin ya yi tangal-tangal, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya kamar an yaye tabarma, suka bar mana ruwa fayau. Da na duba abin da na ɗauka, hoto ya kai talatin, amma babu ko ɗaya da za ka iya nuna idon tsuntsu a ciki. Duk sun yi dishi-dishi.

Dattijon bai ce uffan ba sai da ya kafe gorarsa a laka. Sannan ya ce, "Malam, ai ka harba tun ba ka zauna ba. Ƙafarka na rawa, numfashinka na sama, a ina hannu zai samu natsuwa?" Na ce, "Baba, to yaya ake yi?" Ya sa na zauna a tsakiyar jirgin, na tanƙwashe ƙafa, na dasa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, muka yi shiru. Mun kai rabin awa ba mai motsi. Kirinjijiyar suka riƙa dawowa da kaɗan-kaɗan. Hoto huɗu na ɗauka a wannan karon, ɗaya daga ciki yana rataye a ɗakina har yau: farar fuska, baƙar ƙeya, ɗigon ruwa a kan baki.

Tun daga ranar, duk matashin da ya tambaye ni irin kyamarar da zai saya, nakan ce ya fara koyon zama. Saiti abu guda ne ko me mutum ya riƙe, baka ne ko danƙo, adaka ce ko kyamara, ko ma ƙwallo. Kafin yatsa ya motsa an riga an ci ko an faɗi, domin aikin yana cikin tsayuwar ƙafa da numfashi da inda ido ya tsaya, da kuma abin da jiki ya yi bayan an saki.

Wannan zumunci na bindiga da kyamara ya daɗe. A shekarar 1882 wani masanin Faransa, Étienne-Jules Marey, ya so ya ga yadda tsuntsu ke kaɗa fiffike, abin da ido ba ya iya rarrabewa. Sai ya ƙera na'urar hoto mai siffar bindiga sak, da gindin da ake dannawa a kafaɗa da kunamar da ake ja, tana ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa guda. Shi kuwa Henri Cartier-Bresson, wanda masu hoto a duniya suke ɗauka uba a fagen kama abu daidai lokacin da yake faruwa, a Kwaddibuwa ya zauna a 1931 yana farauta yana sayar da nama. Zazzaɓi mai tsanani ne ya mai da shi gida Faransa, can ya rungumi kyamara hannu bibbiyu. Da idon maharbi ya shigo sana'ar. Mu a nan ba sai mun je nesa neman malami ba, kakanninmu sun bar mana ilimin a gida.

Mu fara da abin da ya ɓata min hotuna talatin. Kyamara ido ce mai ƙiftawa. Tana buɗewa haske ya shiga, ta rufe, kuma duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewa da rufewa zai fito a goge, ko tsuntsun ne ya motsa ko hannunka. Lambobin nan da kake gani, 1/60 da 1/250 da 1/1000, tsawon ƙiftawar suke nunawa: kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, cikin ɗari biyu da hamsin, cikin dubu. Gwargwadon girman lambar ƙasa, gwargwadon saurin ƙiftawa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada lambar nan ta gaza tsawon gilashinka: in gilashin mai milimita 300 ne, kada ka sauka ƙasa da 1/300 muddin a hannu kake riƙe da shi, saboda dogon gilashi yadda yake zuƙo tsuntsu haka yake zuƙo rawar hannu. Wannan na zalɓe ne da ya tsaya ƙyam yana dakon kifi. Dinya in ta tashi sama tana son 1/1000 zuwa sama, ƙananan tsuntsaye masu fir-fir kuwa sai 1/2000.

Matsalar ita ce saurin ƙiftawa yana rage hasken da ke shiga, da sassafe kuma haske ƙalilan ne. Nan ne za ka ɗaga lambar da ake rubuta ISO, wadda ke ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, zuwa 800 ko 1600. Hoton zai ɗan yi yashi-yashi, kuma na san masu hoto da yawa da suke gudun wannan kamar cuta. Ni ban yarda da su ba. Hoto mai yashi da ake ganin idon tsuntsu a ciki ya fi hoto sumul da tsuntsun ya narke, harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wayoyi da dama, har da Tecno da Infinix da suka cika hannun matasanmu, suna da sashen da za ka iya juya waɗannan lambobi da kanka. Ka neme shi a wayarka, ka yi wasa da shi a tsakar gida da kaji da tantabaru kafin ka je fadama.

Amma ko ka saita lambobin daidai, jiki ne ginshiƙi. In a tsaye kake, ka ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ta hagu ta ɗan yi gaba, yadda mai baka ke tsayawa. Hannun hagu ya tallafi gilashi daga ƙasa, kada ya kama shi ta gefe. Gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari. In kyamarar mai tagar leƙawa ce, ka danna ta a girarka, goshi ya zama tokara ta uku. In akwai giginya ko goruba ko kanya kusa, ka jingina da ita. Zama ya fi tsayuwa, kwanciya rub da ciki ta fi zama. A cikin kwalekwale, sandar nan mai ƙafa uku ba ta da amfani, tunda jirgin da kansa ne ke motsi. Abin da na ga ya fi shi ne ƙullin shinkafa kamar mudu guda a cikin ƙaramin buhun yadi: ka ɗora shi a bakin jirgin, ka kwantar da gilashi a kai, ya lotsa ya rungume shi, sannan ka roƙi mai tuƙi ya kafe gora ya daina motsi. A ƙasar Haɗeja ba za ka rasa mudun shinkafa ba.

Sai numfashi. Maharbi yakan ja iska, ya saki kamar rabi, ya tsaya, a cikin wannan ɗan shirun yake jan kunama. Ba ya riƙe numfashi har ƙirji ya cika, don daga nan jiki ke fara kyarma. In daƙiƙa huɗu ko biyar suka wuce bai samu saiti ba, sai ya sauke, ya numfasa, ya sake. Haka za ka yi. Yatsa kuma a hankali yake matsawa, kamar mai taɓa ƙwai ya ji ko ya fashe. Mafi yawan hotunan waya da suka lalace, dungurin yatsa a kan fuskar wayar ne ya lalata su. Ka riƙe ta da hannu biyu, ka yi amfani da maɓallin ƙara sauti da ke gefe, ko ka sa mata agogon daƙiƙa biyu ko uku ta ɗauka da kanta bayan hannunka ya natsu. Kuma ka daina ware yatsu a kan fuskar waya kana zuƙowa har ƙarshe. A yawancin wayoyi wannan yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi, ba ya ƙara komai. In kana da madubin hangen nesa, ka saita shi a kan tsuntsu, ka manna idon wayar a bakinsa, za ka sha mamaki.

To ta yaya za a matso kusa? Nan ilimin mafarauta ya fi na kowane littafi. Wanda ya taɓa ganin mai burtu ya san abin da nake nufi: mutum ya ɗaura kan tsuntsun nan mai dogon baki a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana cakar ƙasa kamar mai kiwo, yana karkata nan yana karkata can, har ya isa inda kibiyarsa za ta kai. Bai taɓa nufar nama kai tsaye ba. Ba na cewa ka ɗaura burtu, amma ka ɗauki dabarar. Ka bar farar riga a gida, ka sa mai ruwan ƙasa. Ka riƙa tafiya a karkace kamar wani wajen ka nufa, ka yi taku kaɗan ka tsaya, kada ka zuba wa tsuntsu ido, kada ka ɗaga hannu farat ɗaya. In ka ga ya miƙe wuya ya daina kiwo, ka daskare har ya mai da kai ƙasa. Ka yi hattara da zakaran ƙeƙuwa, shi ne ɗan rahoton fadama, da ya fara kururuwa kowa ya san ka zo. Tsuntsayen nan sun saba da jirgin masunta da garken shanu, shi ya sa wanda ke zaune a kwalekwale yake kusantarsu fiye da mai tafiya a gaɓa, kuma in balbela kake so, ka nemi izinin makiyayi ka bi shanunsa sannu-sannu.

Akwai wata kyauta da hunturu ke ba mai hoto a fadamar nan, ba kowa ya lura da ita ba. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, kamar jirgin sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma daga gabas take fitowa. Saboda haka in ka zauna da safe a gabashin ruwa kana duban yamma, rana tana bayanka tana haska maka tsuntsun, iska ma tana bayanka, in ya tashi wajenka zai fuskanto, ka samu ƙirji da ido maimakon wutsiya. Alamar da za ka riƙe mai sauƙi ce: inuwarka ta nuna abin da kake ɗauka. Awa biyun farko bayan fitowar rana su ne na aiki, sai kuma bayan la'asar sakaliya, ka koma yammacin ruwa. Da tsakar rana haske daga sama yake dukan komai, ido ya faɗa duhu, launi ya mutu. Lokacin hutawa ne a gindin bishiya.

Hazo kuwa yana da fuska biyu. Yana cinye launin duk abin da ke nesa, don haka ranar da ya yi kauri kada ka wahalar da kanka da tsuntsun da ke can ƙetare. Amma yana mai da rana kamar faifai, ka dube ta ido bai yi zafi ba. A irin wannan safiya nakan juya in fuskanci gabas, in jira masunci ya wurga birgi, ragar ta baje a sama kamar lema, shi da jirginsa su fito baƙi ƙirin a gaban jan faifan. Ka latsa lokacin da ragar ta gama buɗewa, kafin ta taɓa ruwa. Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar gilashi ce. Kada ka goge shi da bakin riga a bushe, yashi ne kake gurzawa. Ka hure tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Kada ka sauya gilashi cikin iska, kuma a jirgi kyamara ta zauna cikin leda sai za a yi aiki.

Farin tsuntsu yana da tasa rigimar. Kyamara tana auna hasken fili ne gaba ɗaya, in ta ga ciyawa da ruwa masu duhu sai ta ƙara haske, balbela ta fito fari fat babu alamar gashi. Ka taɓa jikinta a fuskar waya, ka ja hasken ƙasa kaɗan, har layukan fiffike su bayyana. Kuma kullum ido za ka saita. In ido ya fito tar, mai kallo yakan yafe sauran.

Kowane tsuntsu yana ba da sanarwa kafin ya tashi, ga wanda ya iya karatu. Zalɓe yakan ɗan durƙusa ya karkata gaba. Agwagi sukan ɗaga kai gaba ɗaya su daina kiwo. Da yawa sukan yi kashi su rage nauyi. Cinawuya kuwa, mai tsayawa cak a sama tana kaɗa fiffike kafin ta faɗo wa kifi, tana da reshe ko turken da take komawa a kai a kai. Kada ka bi ta da kyamara kana lilo. Ka saita turken, ka zauna, za ta zo ta same ka.

In tsuntsu ya riga ya tashi, sai darasin da kowane yaro mai danƙo ya sani: wanda ya auna inda kurciya take, bayanta zai harba. Ka kama shi a kyamara tun yana nesa, ka bi shi da juyin ƙugu, hannu na manne da jiki, ka latsa yana tsakiyar wucewa, ka ci gaba da binsa bayan ka latsa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi mantawa. Da sun ji ƙarar kyamara sai su tsaya, alhali jiki yakan fara tsayawa tun kafin yatsa ya gama aikinsa, hoton ya goge. Ka kuma bar masa fili a gaban baki, ya zama yana da inda za shi a cikin hoton.

Duk wannan zai yi maka aiki ranar hawa. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗeja ranar hawan Salla, lokacin da Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan gadon sarauta tun 2002, ya tsaya karɓar gaisuwa, ya san yadda abin ke ruɗa mai hoto: tambari da kakaki da algaita, lifidi da alkyabba, 'yan bindiga na barin wuta, ko'ina ka waiga akwai abin ɗauka. Mai son ya kama duka ba ya kama komai. Shawarata ita ce ka je tun jajibere ka ga hanyar da za a bi da inda rana za ta kasance, ka zaɓi wuri guda ka tsaya, a bayan layin da dogarai suka shata, don doki a guje ba ya sanin mai kyamara. A jahi, lokacin da ya fi kowane daraja shi ne sa'ad da mahaya suka ja linzami, dawakai suka turje, ƙura ta tashi, hannaye suka yi sama da jinjina. Ka saita wurin da suke birki tun kafin su taso, kamar turken cinawuya, da 1/1000. In kuma gudun kake so a gani, ka sauko zuwa 1/60 ka bi doki ɗaya da juyin ƙugu: mahayin ya fito, taron da ke bayansa ya zama zane-zanen launi. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi, kada ka karaya. Farin rawani a rana kamar balbela yake, ka rage haske kaɗan, amma ka lura kada fuska ta nutse. 'Yan bindiga kuwa kafaɗarsu za ka duba, ka latsa da ka ga sun ɗaga, hayaƙin zai same ka a shirye. Abu ɗaya da dabara ba ta maye gurbinsa: a wajen taro, mutum ba tsuntsu ba ne. Masunci a bakin aikinsa, mai talla, musamman mata da yara, da wanda ambaliya ta raba da gidansa, ka yi sallama ka nemi izini, in an ce a'a ka sauke kyamara.

Saura ido, kuma a nan 'yan wasa ne suka ba da hujja. Wata malama a Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada, Joan Vickers, ta ɗaura wa 'yan wasa na'urar da ke bin ƙwayar ido, ta fara da masu golf a 1992, sannan 'yan ƙwallon kwando a 1996. Abin da ta gano shi ne gwanaye sukan tsai da ido a wuri guda kafin su saki, kusan daƙiƙa ɗaya cur a kan kwandon, waɗanda ba su kai su ba kuwa ba sa cika rabin daƙiƙa, idonsu na yawo tsakanin allo da raga da ƙwallo. Ta kira abin natsattsen ido. Da na karanta wannan sai na tuna dattijon Baturiya, wanda bai san Kanada ba amma ya san maganar.

Ga ɗan makarantar da ke jifan kwando a filin makarantarsu, lissafin yana da daɗin ji. Bakin kwandon yana sama da ƙasa da mita 3.05, faɗinsa wajen santimita 45, ƙwallon kuwa wajen 24. Wato saura ƙiris ƙwallo biyu su shige tare. Amma wannan faɗin na ƙwallon da ya faɗo daga sama ne. Wanda aka jefa a miƙe kamar dutse, bakin kwandon tsukakke yake gani. Don haka ka ba jifanka baka, ya hau ya sauko. Ƙarfi daga gwiwa yake tasowa, gwiwar hannu tana ƙarƙashin ƙwallo, ɗaya hannun tallafi kawai yake yi, yatsu su saki ƙwallon yana juyawa baya, don in ya taɓa ƙarfe ya lafa maimakon ya yi tsalle. Ka zaɓi wuri ɗaya a bakin kwandon ka kafa masa ido. Bayan ka saki, ka bar hannun a sama, wuyan hannu a lanƙwashe, har ƙwallo ya isa. Ka dubi bidiyon Stephen Curry na Amurka, wanda ya karya tarihin yawan jifa mai maki uku a watan Disamban 2021, ka bar kallon ƙwallon ka kalli hannunsa bayan ya saki. Mai bin dinya da kyamara bayan ya latsa, abin nan dai yake yi.

Golf ba wasan talakan Haɗeja ba ne, ko da yake a Jigawa muna da filinsa a Dutse, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa. Darasinsa gajere ne. Ramin santimita 10.8 ne kacal, kuma babban kuskuren sabon shiga shi ne ɗaga kai ya ga inda ƙwallo ya nufa tun sanda ba ta gama bugu ba. Kai na ɗagawa kafaɗa ta bi, saiti ya kauce. Gwani yakan kafa ido a bayan ƙwallon, ya bar shi a nan har ƙwallo ya bar wurin. Mai bugun fenareti daga mita 11 ma haka: ya zaɓi kusurwa tun kafin ya taso, kada ya sauya shawara a hanya. Mai hoto kuma yana da irin nasa ɗaga kan, wato saurin duba fuskar kyamara bayan kowace latsawa. Sau da yawa yana sunkuye yana duban hoton da ya wuce, wanda ya fi shi yake wucewa ta gabansa.

Na daɗe a kan tsuntsaye fiye da ƙwallo da gangan. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Cadi, an ƙirga tsuntsaye iri 377 a cikinta. Wasu 'yan gida ne, wasu kamar shamuwa da damina suke zuwa, wasu kuwa daga Turai da Asiya suke ƙetaro Sahara su yi hunturu a wajenmu su koma. Saboda su aka kafa shirin kare fadamar a 1987, aka kuma sa dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu daraja a duniya a 2008. Amma fadamar da kakanninmu suka sani ba ita muke gani ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka sauya. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan baki mai cinye wa manomi shinkafa. Gauraka mai tukku, wadda dattawa suka saba gani garke-garke, yau sai an yi sa'a. Wanda ya iya saiti a irin wannan wuri, gara ya zuba gwanintarsa a kyamara. Kirinjijiyar da ke bangon ɗakina ta tashi da ranta, ta je ta yi ƙwai. Dajin Baturiya ma keɓaɓɓe ne, doka ta hana farauta a cikinsa.

Kuma gani ya kori ji. Hoton da aka rubuta wa rana da wuri shaida ne. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma da rahoton masu sa kai aikin ke tafiya, har da matasan Arewa masu waya a hannu. Ɗan Guri ko Auyo ko Birniwa da ya ɗauki gauraka a bayan garinsu ya rubuta kwanan wata, ya ba masana abin da ba za su samu daga ofis ba. Sai dai ka nisanci sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, kuma kada ka tashi garke da jifa don ka samu hoton tashi. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita ƙarfinsa a ƙirge yake.

Baƙin tsuntsayen sukan cika fadama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zuwa Maris sun fara haramar komawa. Kafin lokacin ka ba kanka mako biyu kana gwaji da tantabarun unguwa, kullum da safe: zama, numfashi, ido, bin tsuntsu bayan latsawa. Ranar tafiya ka caja waya tun dare, ka ƙulla mudun shinkafarka, ka yi sallama da ma'aikatan daji da mai gari, ka ɗauki ɗan ƙasa da ya san ruwan, ka biya shi haƙƙinsa cikakke. In Allah ya haɗa ka da tsohon maharbi a bakin jirgi, ka ajiye littafin nan ka saurare shi.